Aloberar Baba Mai Agogo

"Ajiye kofin nan, 'Yar Littafi. So kike ki kashe su da ƙauna?"

"Baba, yashin fa ya bushe ƙayau."

"Sa yatsa ki ji."

Na tura yatsana ciki, na ji sanyi-sanyi daga ƙasa. Baba Mai Agogo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce mutanen littattafaina ne kawai ke rayuwa da hawaye, tsiro ba ya iyawa.

Ƙofarsa na kallon tamu. Gyaran agogo ya yi har idonsa ya gaza, bangon ɗakinsa cike da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, kowanne da lokacinsa. A bakin taga akwai faranti mai huji a gindi, cike da yashi da tsakuwa da garin gawayi, an rufe shi da gilashin wani tsohon agogon bango. A ciki tsirran alobera ne koraye shar, ba su kai farcen jariri ba.

Ba aloberar da ake sayarwa a bakin titi ba ce. Wani iri ne mai wuyar samu, na kan duwatsu, inda ruwan sama ke yi wa ƙasa rowa. Marigayiya matarsa ce ta rena tukwane biyu, suka yi jan fure sau ɗaya tak, a shekarar da ta rasu. Da burushin share agogo ya ɗebi garin furen wannan ya shafa wa wancan, har suka ba da iri, baƙaƙe, shafal kamar ɓawon albasa. Daga baya rufin ya yi yoyo, iyayen suka ruɓe. Abin da ke cikin farantin nan shi ne ƙarshen irin.

Ni da na karanta labaran soyayya har na daina ƙirgawa, ban taɓa cin karo da wanda ya kai burushin nan ba.

Ya koya mini shayarwa ta ƙasa: a tsoma gindin farantin cikin ruwa kaɗan, yashi ya ja abin da yake so, a cire, sannan a yi haƙuri. Haƙurin ne ke ba ni wuya.

Da zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ƙayyade masa ruwan sha. 'Yarsa tilo, wadda nake kira Yaya, ta baro aikinta a wani gari ta zo jinya. Yakan roƙe ta ruwa da muryar da ban san shi da ita ba, ita kuwa ta jiƙa auduga ta goga masa a leɓe tana kallon bango. In ya lura da idona ya cika, sai ya nuna taga da haɓa.

"Ni da su likitanmu ɗaya," in ji shi.

Wani hantsi Baba ya cika, rana na kan gilashin farantin. Yaya na riƙe da hannunsa, jug ɗin ruwansa na kan tebur, ko rabi bai sha ba.

Bayan 'yan kwanaki, da masu gaisuwa suka ja baya, na shiga in duba tsirran. Jakar Yaya na bakin ƙofa a ɗaure. Ita kuma tana tsaye a taga, ta cire gilashin, tana tuttula ruwa daga jug ɗin nan. Yashin ya zama taɓo. Daga baya na gane tun ranar rasuwar take yi.

"Yaya, za su mutu," na ce, na riƙe hannunta.

"Ya roƙe ni, ƙanwata. Har ranar ƙarshe yana roƙona, ina hana shi." Ba ta ɗaga murya ba. "Su ma in hana su?"

Na karkata farantin kawai, ruwa ya tsiyaye. Na ɗauko ɗan hantsakin Baba daga aljihun tebur, ta kawo busasshen yashi daga buhun da ke bayan ƙofa. Da yawa daga cikin tsirran sun yi laushi, suna narkewa a bakin hantsakin. Waɗanda gindinsu ke da sauran ƙarfi muka dasa ɗaya bayan ɗaya, ba su cika tafin hannu ba. Ta tambaye ni yaushe za a sake ba su ruwa. Na kama yatsanta na tura cikin yashin, yadda aka koya mini.

Wayarta ta yi ƙara, mijinta ne, yana tambaya ko ta kama hanya. Ta daɗe tana kallon tsirran kafin ta mayar da gilashin a hankali.

"Ba yau zan dawo ba," ta ce masa. "Zan zauna sai sun ji ƙishi, in ba su da hannuna."