Dabinon Arzika

Arzika ya sayar da gonarsa ta Gangara, ya tafi Maraɗi ya yi lodin dabino mota guda, irin mai laushin nan na cikin kwali, don ya riski kasuwar azumi a Katsina. Da ya iso bakin iyaka a Magama sai aka ce masa kuɗin fito ya tashi tun yana hanya. Abin da ke aljihunsa ko kusa bai kai ba. Ma'aikacin kwastan bai yi masa tsawa ba, takarda kawai ya nuna masa, ya ce a matsar da motar gefe.

Saura kwana goma a ga wata. Arzika ya yi ta buga waya har kunnensa ya yi zafi, masu cewa gobe suka yi ta cewa gobe. Direba ya gaji, ya hau babur ya koma gida. Shi kuwa gogan naka, da ma ba ya rabo da mafarkin ido biyu, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motar, yana hango dabinonsa a faranti, ana miƙa shi sahu-sahu a masallatan Katsina.

Rana ta yi ta dukan tamfol. Dabino ya fara tsatsafo da zaƙinsa, kwalaye suka jiƙe, ƙamshi ya cika wurin. Sai ga ƙudan zuma, da fari ɗaya-ɗaya, daga baya kamar hayaƙi. Su shige ta ɓular tamfol, su fito da nauyi, su bi ta saman shinge da ma'aikata da takardunsu, su tsallake iyaka su yi kudu abinsu. Ba wanda ya ce musu tsaya. Arzika yana kwance yana bin su da ido, har yakan ji jikinsa ya yi sakayau, kamar shi ma yana cikinsu.

Ranar azumi na ashirin ya hau motar ya buɗe kwali ɗaya. Warin tsami ya buge shi. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na can ƙasa, duk kanwar ja ce. Ya sauko ya zauna ya yi kuka, bai ɓoye ba.

Gab da shan ruwa wani tsoho ya tsaya a kansa da 'yar ƙwaryar zuma a hannu.

"Kai ne mai motar ga?"

"Ni ne, Baba."

"Sunana Kalilu. Shekara arba'in ina ɗaura amya a bayan garin ga, ban taɓa ganin ta cika da rani haka ba. Na biyo ƙudan, nan suka kawo ni. Amshi, haƙƙinka ne."

Ladan ya kira salla. Arzika ya yi bismilla, ya tsoma yatsa cikin zumar ya lasa. Dabinonsa ne, ba ko tantama. Ya daɗe da yatsan a baki, idonsa a rufe.

"Mota guda, Baba," ya ce, yana riƙe da ƙwaryar da hannu biyu. "Ka ga iya abin da ya shigo ƙasar."