Kujerun Aro

"Ɗaga can, ƙafar za ta bugi ƙofa," in ji matar tela. Tana riƙe da gefe ɗaya na kujerar, maƙwabciyarta Mai Wankau tana riƙe da ɗayan, tana tari tana haki.

Malaman makaranta ne za su zo. An ce za a zaɓi yara goma daga gidajen marasa hali, a ɗauke musu littattafai da kayan makaranta har su gama sakandare. Tilo, 'yar Mai Wankau, shekara uku ke nan ba wanda ya ƙwace mata na ɗaya a aji. Abin da ya rage kawai a zo a ga gidan.

"Baƙi, kuma malamai, su zauna a ƙasa? Ai sai su raina miki yarinya." Matar tela ce ta kawo dabarar. Ta ba da kujeru biyu da labule. Matar direba ta kawo fanka, wata ta kawo talabijin da ya shekara bai ce uffan ba. Kafin rana ta take, ɗakin da ko gado babu ya fito fes. Mai Wankau, wadda ciwon ƙirji ya gama cinyewa, ta shafa hoda ta ɗaura zanen aro.

Babbar malamar, mai tabarau, ta shafa hannun kujera, ta dubi fanka, ta yi rubutu.

"Kuna ci sau uku a gidan nan?"

"Mun gode Allah, Malama, ba mu rasa komai ba."

"Lafiyarki fa?"

"Lafiya lau," ta ce, ta haɗiye tarin.

Matar tela na bakin ƙofa sai murmushi take, ta fitar da maƙwabciya kunya.

Da sunaye suka fito babu Tilo. Akwai ɗan mai shagon siminti, wanda ubansa ya kai malaman ɗakin ajiyar kaya ya ce nan suke kwana.

Mai Wankau ta taka har makaranta cikin rana, matar tela na tallabe da ita.

"Malama, kayan nan duk aro ne. Ku zo ku gani yanzu."

"Baiwar Allah, ko dai ranar nan kika yi mana ƙarya, ko yau kike yi. Wanne zan rubuta?"

Mai Wankau ta dawo ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Kwana tara matar tela tana jinyarta, tana jiran kalma ɗaya ta zargi. Ba ta samu ba, kuma wannan ya fi ci mata rai; da zagi ne da ta ji sauƙi. Ranar ƙarshe ma, kafin ta cika, cewa kawai Mai Wankau ta yi, "Yaya, ki ƙara gwada yi wa malaman magana."

Malamar ta zo ta'aziyya. Ta zauna a tabarma, ta bi bango huɗu da kallo.

"Ashe da gaske ne," ta ce a hankali. "An riga an rufe. Akwai tallafin marayu, amma na 'yan firamare ne. Ita Tilo ta wuce nan."

Masu kawo wanki ba su fasa ba. Ran Litinin da safe matar tela ta leƙo, ta ga Tilo durƙushe gaban bahon uwarta, kumfa har gwiwar hannu. Ƙararrawar makaranta ta kaɗa daga can bayan layi. Yarinyar ta ɗaga kai har sautin ya mutu, sannan ta jawo riga ta gaba.