Bakin Ruwa Bayan Magariba

Abu ɗaya Zulaikha ta roƙi mijinta Falalu a kan fitar nan: a kai mahaifiyarta, Ya Kaka, bakin dam ɗin Kazaure tun da sauran rana. Ya Kaka a Baga ta tashi, bakin Tafkin Chadi, inda mahaifinta yake ɗaure jirginsa, kuma tun da aure ya kawo ta Gwiwa rabonta da babban ruwa. Yanzu idanunta suna tafiya. Da rana tana ɗan gani, rana na faɗuwa dundumi ya rufe ta, likita kuma ya ce ganin ranar ma ba zai kai damina ba.

Falalu ya ce an gama. Ya ari mota, aka zuba yara a baya, tsohuwa ta sha turare da sabon mayafi, suka shiga Kazaure da hantsi.

To amma Falalu jikan hakimi ne, a wurinsa shiga gari ba gaisuwa abin kunya ne da za a yi ta faɗa har a bayan ransa. Aka tsaya gidan kawunsa. Daga nan gidan tsohon maigidansa na sakatariya, sai gidan da aka yi rasuwa tun bara. Kowane gida sai an shimfiɗa tabarma, an dama fura, an tambayi lafiyar mutanen Gwiwa har da awakinsu. Tsohon garin da aka ce za a zaga da yara, ta tagar mota suka gan shi.

Da aka yi la'asar Zulaikha ta cika ta yi fam. Ta tare shi a zaure.

"Baban Ahmad, rana fa tana tafiya. Ba fura muka zo sha ba."

"Ruwan guduwa zai yi?" Ya leƙa mota ya russuna. "Ya Kaka, ko kin gaji? Saura gida ɗaya."

"Ba komai, ɗan nan, a yi zumunci," in ji tsohuwar, kanta a ƙasa.

Wannan ya fi komai ƙona wa Zulaikha rai. Wace suruka ce za ta dubi mijin 'yarta ta ce ya yi sauri? Ya san ba za ta faɗa ba, shi ya sa ma ya tambaye ta.

Gida ɗayan ya zama biyu. Suna isa bakin ruwa ana kiran magariba, masunta sun ɗaure kwale-kwalensu sun tafi masallaci. Yara suka ruga gaɓa. Ya Kaka ta fito tana lalube, ta tsaya, ta gyara mayafi.

"Masha Allah," ta ce da ƙarfi don surukinta ya ji. "Ruwa har ruwa. Allah ya yi maka albarka."

Titi take kallo, ruwan yana bayanta.

Zulaikha ta kama kafaɗunta ta juyo da ita a hankali. Tsohuwar ta shaƙi ƙarnin kifi, sannan ta tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai jirage.

Falalu ya ƙaraso yana naɗe hannun riga zai yi alwala.

"Kin gani ko? Duk kin bi kin ta da hankalinki, ga shi ta gani ta ji daɗi."