Bishiyar Bangon Dakta

Ina kan tsani da buroshi a hannu Dakta ta ce daga kan gado, "Wannan reshen ya yi tsawo. Rage shi."

"Dakta, ai ya fi kyau a haka."

"Ba ado na ce ka yi mini ba, mai fenti. Tsawon reshe nisan zumunta ne. Kana ƙara masa taƙi guda ka raba wa da ƙane."

Na goge ina gunaguni. Sana'ata rubuta allunan shaguna, kuma katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a wurin binciken cututtukan dabbobi, tana bin wata ƙwayar cuta ta tumaki da awaki. Da ciwo ya kayar da ita, idonta ya daina ganin rubutun kwamfuta, sai ta aiko 'yarta ta kira ni in zana mata bishiyar dangin ƙwayar, ƙatuwa, a bangon da ke kallon gadonta.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tambaya. Matata kan ce bakina ya fi buroshina aiki. A wurin Dakta na gamu da daidai ni, domin ita ba ta gajiya da amsa.

Ta ce ƙwayar mai jan ƙafa ce, sai ta shekara da shekaru a jikin dabba ba a sani ba. A tunkiya ta fi cin huhu, a akuya ta kumbura gwiwa, kuma ba ta da magani. Da can an ɗauka ta tumaki daban, ta awaki daban. Sai aka riƙa tsintar ta akuya a jikin tunkiya.

"Ta ina ta bi?"

"Ba garke ɗaya suke kwana ba? Ɗan tunkiya maraya nonon wa ake ba shi?"

Shi ya sa aka koma raba ƙwayoyin gida gida da haruffa. Na yi wa reshen A shuɗi, na B rawaya, C da E kuma abin da ya rage a gwangwanaye.

"Ina D ta shiga? Ko ta yi yaji ne?"

Ta yi dariya har ta shaƙe, 'yarta ta leƙo ta harare ni. "Ana musu a kanta har yau. Bar mata fili, kada ka rubuta."

Can tsakanin shuɗi da rawaya ta sa na zagaya wani wuri da alli. Wurin wata tunkiya ne, jinin ƙarshe da Dakta ta ɗiba kafin ta kwanta. Tunkiyar na haki irin na tumaki, ga gwiwa a kumbure irin ta awaki. Da aka gwada jinin, wani sashe ya ce A, wani ya ce B.

"Ko dai ƙwayar ce haka, ko kuwa ni na haɗa jinin dabba biyu," in ji ta. "Hannuna ya fara rawa a lokacin. Wani ɗalibina yana can yana karanta ƙwayar daga kai har wutsiya. Mutuwa kam kowa nata ne. Abin da ba na so shi ne in tafi ban sani ba."

Na ji tausayinta, amma gaskiya ni ma abin ya tsaya mini a rai. Sai in kasance ina rubuta allon mai aski hankalina na kan tunkiyar da ban taɓa gani ba. Kullum na taso aiki sai na leƙa. Jikinta na ta ja baya, muryar ta koma raɗa, zagayen allin nan yana nan fayau.

Ran nan da la'asar 'yar ta buga mini ƙofa, waya a hannu. "Kawu, zo. Ɗalibin ya kira, Mama ta ce sai kana nan."

Ta ɗora wayar a kan matashi ta ƙara murya. Ɗalibin ya fara doguwar gaisuwa, Dakta ta ɗaga yatsa, 'yar ta ce, "Ta ce ka faɗa kawai."

"Malama, ba kuskure kika yi ba. Ƙwaya ɗaya ce. Gabanta A, bayanta B. Biyun sun haɗu a jiki ɗaya suka haifi wannan."

Dakta ta lumshe ido, ta daɗe a haka, har na tsorata. Sai ta buɗe ta dubi bango, ta dube ni.

Na ce, "Dakta, ni dai ban taɓa ganin reshe ya rabu da ɗan'uwansa ya dawo ya haɗe da shi ba."

"Yau ka gani. Zana."

Na hau tsani. Na jawo siririn layi daga shuɗi, na jawo wani daga rawaya, suka haɗu a zagayen allin. Nan na tsaya, don ban san launin da zan sa ba. Sai kawai na tsoma buroshin a gwangwani biyun na cakuɗa a kan murfi.

"Me ya fito?" Ban ji ta ba sai da 'yar ta maimaita.

"Kore."

Ta yi murmushi. Leɓenta ya sake motsi, 'yar ta kara kunne, ta ɗago tana dariya da hawaye. "Wai ko wacce ta riga shiga jikin tunkiyar, A ko B?"

Na sauko daga tsani na rufe gwangwanayena. Washegari da hantsi Dakta ta cika.

Bayan mun dawo daga kai ta makwancinta na shiga ɗaukar tsanina. An fitar da gadon, an jingine katifa a tsakar gida. 'Yar na tsaye ita kaɗai a gaban bangon. Fentin mai ba ya saurin bushewa, na manta ban gaya mata ba. Ta kai yatsa ta taɓa koren, ya kama ta. Na miƙa mata tsummana, ta girgiza kai, ta ci gaba da kallon yatsan.