Akushi a Bangon Mota

Shekarar da kuɗin sefa ya faɗi, bayan an gama yankan gero, wata farar mota ta gangaro daga hanyar Maraɗi, ta ratsa Madarumfa har bakin tabki, ta tsaya ƙarƙashin tsamiyar da ke gefen lambun Tanko. Wannan mota da ɗakinta take yawo. Gado a ciki, murhu a ciki, har da labule a taga. Anasara biyu ne suka zo da ita, mata da miji, tsofaffi, rana duk ta toya musu hanci. Sun ɗauko wani makanike daga Maraɗi mai suna Elisha yana yi musu tafinta. Tabkin suka zo gani, da tsuntsayensa, da kaburburan waliyyan da ke kewaye da shi.

Tanko kuwa abin nema ya samu. Shi ne mai kwalekwalen da ke kai baƙi yawo a kan ruwa, kuma mutum ne da ko tari zai yi, ya fi so a ce gari ya ji. Ya wuni yana zagayawa da su, yana nuna wannan yana nuna wancan, har da abin da bai sani ba. Da la'asar ya shigo gida yana baza riga, ya tarar da matarsa Tani tana tankaɗe.

"Baƙi sun sauka a gefen lambuna," ya ce, "baƙina ne ke nan. Ki yi musu tuwo."

Wannan bai dame ta ba, don Tani ba ta taɓa ƙyashin ciyar da baƙo ba. Ta tuƙa tuwon dawa mai laushi, ta kaɗa miyar kuɓewa ɗanya da kifin tabki. Ta ɗauko langa za ta zuba, sai Tanko ya ɗaga hannu.

"Haba Tani, a wanga kwanon Najeriya? Mutanen da suka ƙetaro duniya? Sauko da akushin nan."

Ta tsaya da mara a hannu ta dube shi.

Akushin na mahaifinta ne, Mamman na Gabi. Baƙi ne wuluk, itace mai nauyi, bakinsa ya yi sumul saboda hannun da ya yi shekara da shekaru yana riƙe shi. A cikinsa tsohon ya ci abinci tun kafin a haife ta. Tana ƙarama takan tsugunna bayan zana tana jira ya gama, shi kuma kullum sai ya rage mata lomar ƙarshe a gefe, ya tura mata akushin da ƙafa ba tare da ya waiwayo ba. Da ya rasu, 'yan'uwanta maza suka yi ta ja-in-ja a kan gona da bisashe. Ita akushin kawai ta roƙa, aka ba ta ana dariya. Tun ranar yana saman jerenta, ba a ci a cikinsa, sai ta sauko da shi ta shafa masa mai ta mayar.

"Malam, wanga ba na fita waje ba ne," ta ce.

"Cinye shi za su yi? Tuwo za su ci, a maido miki abinki."

Gaskiyar magana, har da ita a ciki. Wani abu ya ɗan motsa a ranta, ta so a ce mutanen nesa sun ga irin abin da ubanta ya ci a ciki. Ta sauko da shi, ta zuba, ta rufe da sabon faifai, ta miƙa masa da hannu biyu.

Kowa a ƙasar nan ya san kwanon da aka kai wa baƙo abinci komawa gida yake yi. Ko wanda ba ku ga maciji da shi, in ka aika masa da tuwo, zai maido maka kwanonka. In mai hali ne ya sa ɗan tukuici a ciki, in ba shi da shi ya wanke ya aiko da godiya. Tani ta jira har aka yi isha'i ba ta ga akushi ba, ta ce wataƙila gajiya ce ta kwantar da su.

Da hantsi sai ga Tanko ya shigo da wata kujera a hammata, irin mai naɗewa, ƙafafun ƙarfe da shuɗin yadi. Ya buɗe ta a tsakar gida, ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kin gani? Kado suka ba ni, kyauta ta musamman. Ko sufurehe mai mulkin Madarumfa ba ya da irinta."

"Ina akushina?"

Ya shiga gyara zama. Ya ce kujerar har wurin ajiye hannu gare ta.

"Malam, akushi nake tambaya."

Da ƙyar, kamar ana zare masa haƙori, maganar ta fito. Wai da suka gama ci, madam, wato macen cikinsu, ta ɗauki akushin tana juyawa tana yabawa. Shi kuma, ga mutane sun taru suna kallo, sai ya buɗe baki ya ce ai nata ne. Irin abin da ake faɗa wa baƙo in ya yaba kayanka, shi kuma ya ce ya gode, Allah ya bar wa mai shi. To madam ba ta ce a bar wa mai shi ba. Rungume akushin ta yi a ƙirji, ta yi ta godiya, ta shige da shi mota.

Tani ta ji kamar an watsa mata ruwan barkono a ido. "Kyauta ka yi da shi?"

"Ba kyauta ba ce, magana ce ta baki."

"To tashi ka je ka karɓo shi da bakin."

"In yi amai in lashe? Gaban abokaina Alhassan da Hamisu, gaban duk masunta na faɗa. Kina so a riƙa nuna ni a kasuwa ana cewa ga Tanko mai ba baƙo da dama ya ƙwace da hagu?"

"Da rigarka ta yaba, ka tuɓe ka ba ta? Da kwalekwalenka ta yaba fa? Kayan ubana ne mai arha, shi ka ga ya dace ka sayi suna da shi."

"Itace ne fa, Tani. Ranar kasuwa in sa a sassaƙo miki wanda ya fi shi."

Da bai faɗi wannan ba, da wataƙila ta yi kuka ta huce. Amma ya faɗa, kuma yana zaune a kan kujerar yana lilo da ƙafa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da ya hana ta hawaye. Ta yi daka ranar har turmi yana tsalle, maƙwabta suna leƙowa ta kan zana.

Tanko ya ce ta ba shi lokaci, zai san dabarar da zai yi. Dabarar ba ta wuce ya fita da kujera ƙofar gida ya zauna ana taya shi murna ba. Gobe ya ce jibi, jibi ya ce baƙin sun tafi ziyarar wani kabari can ƙetaren ruwa. Ana nan sai Tani ta ji a bakin rijiya cewa anasara sun fara naɗe kayansu, Kano za su wuce.

Ba ta koma gida da tulun ba, a nan ta bar shi. Ta gyara ɗaurin zane, ta ja mayafi, ta nufi bakin tabki. Kunyar da ta hana mijinta tashi ita ba ta ga inda za ta dafa ta ta ci ba.

Elisha ta fara tararwa, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota. Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Inna."

"Yauwa ɗana. Ni ce matar Tanko, mai tuwon ran nan. Akushina na zo karɓa."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ni na san ba a riƙe kwanon tuwo. Tun a wurin na matsa kusa da Baba Tanko na ce ya bari in yi musu bayani. Ya ce in rufe bakina, in faɗa musu abin da ya faɗa kawai."

"To yanzu buɗe shi. Ka ce musu na ubana ne, ya rasu, kuma ba ni na bayar ba."

Ya juya ya ƙwanƙwasa ƙofar motar. Madam ta fito da murmushi. Elisha yana magana murmushin yana gushewa, har ta kai hannu ta rufe baki, wuyanta ya yi ja. Ta ce wani abu da sauri, ta matsa gefe tana nuna wa Tani ciki.

Tani ta tuɓe takalmi ta hau. Ɗakin ƙarami ne, tsaf, yana ƙanshin sabulu. Bangon da ke saman gado cike yake da kayan garuruwan da suka ratso: faifai, malfa, wata 'yar jakar fata, ludayi. A tsakiyarsu, a wurin da ya fi kowane kyau, ga akushin Mamman na Gabi, bakinsa yana kallon ɗaki. Ta miƙa hannu ta ja, bai taso ba. Ta sake ja. Sai a lokacin ta ga kan ƙusa yana ƙyalli a tsakiyar cikinsa, daidai inda tuwo yake zama.

"Saboda gargadar hanya ne, Inna," in ji Elisha daga bakin ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sun ce kar ya faɗo ya fashe."

Mijin madam ya shigo da abin kwance ƙusa. Ya yi ta murzawa, ƙusar tana fitowa a hankali, doguwa, garin itace yana zuba a kan shimfiɗa. Da ya gama ya miƙa mata akushin bai iya haɗa ido da ita ba. Ta ɗaga shi sama wajen taga, ta hango ruwan tabki ta cikin hudar.

Ta zo da faɗa cike da baki, ta rasa wanda za ta zuba wa. Madam kuka take yi sosai, ta ɗauko wata babbar tukunya mai ƙyalli tana tura mata. Mijinta ya tsaya da ƙusa a tafin hannu. Waɗannan ba su sani ba, an ce nasu ne suka yarda, har suka ba shi wurin da suke ganin girmamawa ce. Wanda ya sani yana can ƙofar gida a kan shuɗiyar kujera.

Ta ture tukunyar a hankali. "Ka ce mata ta share hawayenta, Allah ya kai su lafiya."

"Inna, akwai wani danƙo da muke liƙe tankin mota da shi," Elisha ya ce. "In na cika hudar na goge, ba mai ganewa."

"Ni zan gane. Bar shi haka."

Ta sa akushin cikin mayafi ta kama hanya. Ba ta kai gida ba ta ji tashin motar a bayanta, ba ta waiwaya ba.

Tanko bai ga shigarta ba, ya riga ya tafi wajen kwalekwale. Da yamma ta hura wuta, ta dafa romon kifi, ta zuba masa barkono da citta, ta bar shi yana tafasa. Bayan magariba maza suka taru a ƙofar gida kamar kullum, kowa an kawo masa kwano daga gidansa za a ci tare. Alhassan yana nan, Hamisu yana nan, da sauran waɗanda aka yi kyautar a gabansu.

Tani ta toshe hudar da babban yatsanta ta ƙasa, ta kwarara romon yana tururi har ya kusa baki. Zafin ya ratsa yatsan har cikin ƙashi. Ta cije leɓe, ta ɗauka, ta fito da kanta, abin da ba ta saba yi ba. Hira ta tsaya.

Da Tanko ya ga akushin sai fuskarsa ta washe. "Kun gani ko? Ai na ce muku mutanen kirki ne, ga shi sun..."

"Karɓi, Malam."

Ya miƙo hannu biyu ya tallabe. Ta zare yatsanta.

Romon ya tsiyayo ta ƙasa, siriri, ya sauka a kan cinyarsa. Ya zabura, ya nemi inda zai ajiye, tabarma cike da kwanonin mutane. Ya lalubo hudar ya danna yatsa a ciki, ya ja iska ta haƙori. Ba wanda ya yi dariya. Alhassan ya leƙa ƙarƙashin akushin ya ga abin da ke nan, ya ɗago ya dubi Tanko, ya kawar da kai.

"Itace ne kawai," in ji Tani. Muryarta ba ta tashi ba, amma har na ƙarshen tabarma ya ji. "Ubana ya ci a cikinsa har ya koma ga Allah bai tsaga shi ba. Daga yau a cikinsa za ka ci, safe da yamma. Ka riƙe da kyau."

Ta juya ta shige gida tana busa yatsanta da ya tashi. Shi kuma yana nan zaune da akushi a hannu, romo yana huci a fuskarsa, ya kasa ci kuma ya kasa saki.