Kalmasar Bahaguwa

Shekara shida ke nan da ciwon gaɓoɓi ya kama Tela, kuma likita bai ɓoye mata ba: wannan zama ya zo yi, sai dai a lallaɓa shi. Yatsunta suka kumbura suka karkace, har zoben hannunta sai da aka yanke shi. Duk da haka kowace safiya tana buɗe shagonta, ɗan ɗaki a bakin titi, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da madubi mai tsaga. 'Yarta ta yi magana har ta gaji. Tela ta ce ranar da masu kawo ɗinki suka daina zuwa, ranar za ta rufe. Ta san in ta rufe, daga ita sai ciwon za su zauna a ɗaki suna kallon juna.

Tana da aminiya, Bahaguwa. Tare suka koyi ɗinki suna 'yan mata, a gaban mace ɗaya mai dukan yatsu da rula. Bahaguwa ta bar sana'ar tuntuni, ta ce bayanta ya gaji, ta lulluɓe kekenta da tsohon zanen gado. Da dutsen guga ya fi ƙarfin hannun Tela, Bahaguwa ce ta ce, "Ki riƙa ba ni kayan in goge a gida, in miƙa wa masu su." Tela ta yi godiya, godiyar da ba ta wuce baki ba, don ita ba ta son a taimake ta.

To, sai guga ta fara kwana biyu. Riga uku, kwana biyu! Ko da cokali ake gogewa ai an gama. Sannan wata rana Tela ta hango guntun zare shuɗi a mayafin Bahaguwa. Wata ranar kuma da ta matso, sai ƙanshin man keke. Matar da ta bar ɗinki shekara ashirin, me ya haɗa ta da man keke?

Tela dai ta sa ido.

Ran nan Malama ta shigo, mai koyarwa a makarantar bayan layi, wadda ta fi kowa kawo ɗinki. Tana ganin Bahaguwa a kan benci ta washe baki. "A'a, Inna, sannu da aiki!"

Wane aikin? Rigar da ke jikin Malama ai Tela ce ta ɗinka ta wancan watan. Ta ɗauko tef kamar za ta sake awo, ta sunkuya, ta juya bakin rigar.

Kalmasar tela kamar muryarsa ce. Ta Tela daga dama take tafiya. Wannan kuwa daga hagu ta taso, zaren ya kwanta ta ɗaya gefen, a matse, irin na mai ja wa zare. Shekara arba'in da ɗoriya ta san hannun nan.

Shi ke nan, ta gano. Ana karɓar kayanta da sunan guga, ana sake su, ana nuna wa mutane wace ce mai hannu. Yau Malama, gobe mai kemis, jibi a buɗe shago a ƙofar wani gidan. Ashe jira ake yatsunta su gama mutuwa.

Washegari ta ba Bahaguwa riga ɗaya, ta bari sai da rana ta take, ta rufe shago, ta ɗauki sandarta. Tafiyar minti goma ta yi ta a rabin awa. Tun daga ƙofar gida ta jiyo keke yana gudu. Ba ta yi sallama ba.

Bahaguwa na zaune, tabarau a kan hanci, zanen gadon a ƙasa, reza a gefe, rigar a warware.

"Na kama ki," in ji Tela.

"To zauna, tunda kin kama ni. Gwiwar nan ba za ta bar ki ki yi faɗa a tsaye ba."

"Mutanena kike janyewa, munafuka."

"Wa na ce wa ni na ɗinka? Je ki tambayi Malama."

"Ta ce miki sannu da aiki."

"Guga ba aiki ba ce? Ke dai kin saba a yi miki a banza."

Bahaguwa ta ɗago hannun rigar da ba ta kai ga farkewa ba, ta juya cikinsa, ta miƙa wajen hasken taga. "Duba. Naki ne, ban taɓa ba."

Tela ta duba. Ɗinkin ya taso daidai, ya yi tangaɗi, ya sauka daga hanya, ya dawo, wani wurin ma ya tsallake. In aka ɗaga hannu sau biyu zai buɗe. Ita da a da ba ta sallamar kaya sai ta juya cikinsu ta bi da ido, ta kusa shekara rabonta da ta juya. Ta san dalili, ba sai an faɗa mata ba.

"Tun yaushe?"

"Wata tara. Tun wandon mai kemis, wanda ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya."

"Kin mayar da ni abin dariya."

"Wa ya yi dariyar? Ni kaɗai na gani, ni kuwa haƙoran dariyar sun zube."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Ke? Ranar da na ce kin fara furfura wata biyu kika yi ba ki gaishe ni ba."

Tela ta zauna a bakin gado, don gwiwar ta matsa. Ta daɗe tana juya hannun rigar. Idonta ya ciko, sai ta ce ƙurar ɗakin ce, mutum ba ya shara. Can ta jawo gefen da Bahaguwa ta sake, ta kai shi kusa da ido.

"Har yanzu kina ja wa zare. Duk dukan da kika sha bai yi amfani ba."

"Nawa dai ba ya buɗewa a tsakiyar titi."

"Gobe ki zo shago da wuri. Ni zan yi awo, in zana da alli, ke ki yanka ki hau keke. A gabana, ba a bayan idona ba."

"In mutane suka tambaya fa?"

"Na ɗauki 'yar koyo."

"'Yar koyo mai jika tara?"

"Kanki ne ba ya ja, shi ya sa kika daɗe."

Shagon bai rufe ba. Yanzu Bahaguwa ce a kan keke, Tela na benci da tef a wuya, hannuwanta cikin kwanon ruwan ɗumi in ciwon ya motsa. Ba rigar da ke fita sai ta juya cikinta ta bi da ido. Kuma duk ranar da Malama ta shigo, Tela takan kasa kunne ta ji wa za a fara gaisarwa.