Kare Mai Sumar Mutum

Duk mai ba ku labarin karen nan, a bayana ya gan shi. Ni kakansa ma na gani da idona, a Malbaza, gidan wani Bature mai aikin siminti, lokacin da nake kai masa zabi. Baƙi ne wuluk, gashinsa a murɗe kamar kan wanda ya daɗe bai ga wanzami ba, kuma ba ya zuba, sai an sa almakashi. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma na ci yunwa uku ina tsaye da ƙafata, abin da idona ya ɗauka kuwa ba ya ɓace mini.

Dogo maharbi ne a ƙauyenmu, can gefen hanyar Illela. Yana da karyar farauta, ja, siririya, gashinta kwance luf. Wata rana ya bi ta Malbaza da ita, ta kutsa shingen Baturen, ta komo da ciki. 'Ya'yan da ta haifa ba su yi uwa ba, ba su yi uba ba. Gashi buzu-buzu, da ɗan gemu kamar na bunsuru. Ba su da amfani a daji, ƙarangiya ke kama su tun kafin su ga zomo. Dogo ya rabar da su, ya bar mace da namiji suna tsaron gida.

Shekarar da fara ta cinye gero, waɗannan biyun suka haɗu. Sai haihuwa ta zo a warwatse. Wasu sun koma kakarsu ja, sumul. Wasu buzu-buzu irin iyaye. Ɗaya kuwa baƙi, yana girma gashinsa na murɗewa, har ya zama sumar mutum sak. Gemu, gashin baki, gira mai rufe ido, da 'yar furfura a haɓa. Duk sanda Dogo ya shafa kansa sai tsigar jikinsa ta tashi. Ya kasa kashe shi, ya kasa nuna shi. Ya kai shi bukkar gona ya ɗaure, can ya girma ba wanda ya sani.

To, kafin farar, Dogo ya yi rigimar iyakar gona da maƙwabcinsa Mamane, ɗan tsohuwa Delu. A gaban jama'a, a bakin kasuwa, Dogo ya nuna shi da yatsa ya ce, "Wallahi sai na maishe ka kare a garin nan." Wulaƙanci yake nufi, kowa ya sani. Da yunwa ta matso, Mamane ya tafi cin rani Najeriya. Ruwa ya sauka, abokan tafiyarsa suka dawo, shi shiru.

Da hantsi wata rana karen ya tsinke igiya. Dogo ya bi sawunsa yana gudu, sawun kuwa ya miƙe sai rijiyar gari. Ya tarar mata sun watse sun bar guga, Delu kaɗai ke tsaye da sandarta. Idonta ya yi rauni, da hannu take gani. Ta sa yatsu cikin sumar, ta laluba zuwa gemu, ta tsaya.

"Mamane?"

Karen ya kaɗa wutsiya, ya kwantar da kai bisa gwiwarta.

Tsohuwar ta ƙwalla kuka, Dogo ya tsaya cak. A nan samari suka same shi, suka ja shi ƙofar mai gari Munkaila, wasu da sanda, wani da igiyar rijiya.

"Ranka ya daɗe, kare ne," Dogo ke ta faɗi. "Kare ne ɗan kare, gidana aka haihe shi."

Mai gari ya ce, "Mi ya sa ka ɓoye shi?"

Dogo ya sunkuyar da kai, mai gari ya ci gaba.

"Mi ka ce wa Mamane bakin kasuwa? Maimaita muna."

Nan na miƙe na ba da shaidar karen Malbaza. Wani yaron banza ya ce, "Baba, ba kai ne ka ce ka taɓa kada kura da kokawa ba?" Aka yi dariya irin wadda ba daɗi. Na kada ta ɗin kuwa, amma ba a saurare ni ba. Baturen ya daɗe da komawa ƙasarsu da karensa.

Dogo ya ga igiyar na matsowa, ya yi wuf ya ce, "Uwarsa na da ciki. Uban guda ne. Ku ɗaure ta nan ku gani da idonku."

Mai gari ya ce, "In ta haihi irinsa gabanmu, ka hita. In ba ta haiha ba, Dogo, jandarma masu cetonka na can Illela, waɗanga masu igiya kuwa ga su nan."

Aka ɗaure karyar ƙarƙashin rumbun mai gari, aka ajiye Dogo a zaure. Ya san abin ba a hannunsa yake ba. Wancan karon ma guda ne tak cikin taro. Cikin nan na iya zuwa duk jajaye. Ta ƙofar zaure yana ganin Delu na wucewa da karen a bayanta, ta ɗaura masa laya, tana dama masa furar da ita kanta ba ta samu ta ƙoshi. Mutane na kauce masa hanya, wasu har suna ce masa sannu. Wani lokaci karen kan tsaya ya leƙo zauren ta ƙarƙashin gira, sai Dogo ya ji yana tambayar kansa ko bakinsa ne ya kama.

Da rana tsaka karyar ta haihu, mata sun yi da'ira. Na farko ja. Na biye ja. Dogo ya durƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sai baƙi ya fito, sai wani baƙin, gashinsu a jiƙe da ɗan lanƙwasa. Mai gari ya ce a jira su yi gashi. Aka jira, mata na gadi, ba wanda ya taɓa su. Da suka fara tafiya, sumar ta murɗe, ba gardama.

Dogo ya ɗaga su biyun sama a ƙofar mai gari, yana dariya hawaye na zuba. "Ku gani! Ku shafa! Gabanku aka haihe su!"

Ba wanda ya motsa. Can sai Sahiya, wadda mijinta ya tafi Libiya ba labari, ta ce a hankali, "To waɗanga kuma su wane ne?"

Dogo ya duba fuskoki. Shekarar nan babu gidan da ba a jiran wani. Ya ga leɓuna na motsi, kowace mace na kiran sunan nata a ɓoye, idonta kan abin da ke hannunsa. Ya sauke 'yan kwikwiyon ƙasa a hankali. Mai gari ya kama gefen rigarsa ya raɗa masa, "Sallar la'asar ta yau, yi ta a wani gari."

Ta bayan gida ya bi, cikin karan dawa, ba takalmi, ba kwari da baka. Ya faɗa bakin kwalta, wata motar albasa ta kwashe shi zuwa Konni. Can yake har yau, yana dako a bakin iyaka. Gonarsa ta koma ciyawa. In ya hango kare, ko ja ne, sai ya tsallaka titi.

Mai cewa ƙarya nake, hanyar Illela ba a rufe take ba. Ya je gidan Delu ya yi sallama, ya rufe ido, ya sa hannu cikin sumar nan. In ya iya cewa "kare" da ƙarfi a gaban tsohuwar, ya dawo ya aske mini gemu a tsakiyar kasuwa.